Ku Tambayi Kawu: Me Tinariwen Za Su Zo Mana Da Shi?

Saƙonnin nan da amsoshinsu, waɗanda aka rubuta kafin fitowar faifan Hoggar na Tinariwen a 2026, sun rinjaya wuri guda. Daga nan Tahoua, daga Abalak, Ƙonni har Yamai, masu son kiɗan gita maganarsu ɗaya ce: yaushe Tinariwen, ƙungiyar makaɗan gita ta Abzinawa, za su saki sabon faifai, kuma wace hanya dattawan nan za su bi da waƙoƙinsu. Na zaɓo tambayoyin da amsarsu za ta wadatar da sauran. Masu tambaya kan gyaran sifika da inda ake samun tsirkiyar gita mai ƙwari, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne, kuma a fadarmu ba a ɗora shayi sai an kunna Tinariwen. Tun da suka saki faifan Amatssou ba mu sake jin sabuwar waƙa daga gare su ba, sai tsofaffi da ake tonowa. Wasu a fada na cewa tsufa ya kama su, sun jingine gita. Da gaske ne? Mai kabu-kabu, Tahoua.

AMSA: Ɗana, Allah ya tsare hanya. Ka ce wa ƴan fadarku su ƙirga shekarun kafin su yi wa mutane ritaya da baki. Faifan da ya fara fitar da su duniya, The Radio Tisdas Sessions, a 2001 ya fito, kuma a wani ƙaramin gidan rediyo na Kidal, a arewacin Mali, aka ɗauke shi. Amassakoul ya biyo a 2004, Aman Iman a 2007, Imidiwan a 2009, Tassili a 2011. Sai Emmaar a 2014, Elwan a 2017, Amadjar a 2019, kafin Amatssou a watan Mayun 2023. Dubi tazarar: wani lokaci shekara biyu, galibi uku, sau ɗaya ma huɗu. Haka tafiyarsu take tun furfura ba ta fito musu ba.

Mutanen nan ba a unguwa ɗaya suke zaune ba, balle su haɗu kowace yamma su yi gwaji. Wasunsu mutanen arewacin Mali ne, wasu na kudancin Aljeriya, tsakaninsu kuwa ga sahara, ga iyaka, ga shingayen bincike. Imidiwan, wanda suka ɗauka a Tessalit, garin jagoransu Ibrahim Ag Alhabib, shi ne na ƙarshe da suka yi a gida. A 2012 masu iƙirarin jihadi suka haramta kiɗa a garuruwan da suka kama, a farkon 2013 kuma ƴan Ansar Dine suka kama ɗaya daga cikin makaɗansu, Abdallah Ag Lamida, kafin su sake shi daga baya. Tun daga nan kowane faifai sai an nemo masa masauki: Emmaar a saharar Kalifoniya ta Amurka, Amadjar a kan hanya daga Maroko zuwa Nuwakshot, Amatssou a cikin tanti kusa da Janet ta Aljeriya. Shi wannan na ƙarshen ma a Nashbil ta Amurka aka shirya ɗaukarsa, annobar korona ta ruguza shirin. Bayan fitowarsa da wata shida, a Nuwamban 2023, sojojin Mali suka sake shiga Kidal, iyalai da yawa suka watse. Wanda danginsa ke gudun hijira, ka san hankalinsa ba a kan ranar sakin faifai yake ba.

Tsufa kam ya zo, ba mai musun sa. Ibrahim ya haura sittin. Mohammed Ag Itlale, wanda aka fi sani da Japonais, ya rasu a Fabrairun 2021, Allah ya jiƙansa, kuma da shi aka binne ɗaya daga cikin bakunan da suka fi iya tsara baiti a cikinsu. Amma tono tsofaffin ɗauka ba alamar rufe shago ba ce. Kel Tinariwen, kaset ɗin da suka yi a Abijan a farkon shekarun 1990, an sake fitar da shi a 2022, sannan Idrache ya zo a ƙarshen 2024. Ni da na yi shekaru ina kwafar kaset a rumfa cikin kasuwar garin nan, na san halin da waƙoƙin farko suka iso mana: kwafin kwafin kwafi, ba suna a jikinsa, muryar tana nutsewa cikin ƙugi. Duk abin da aka ceto aka gyara daga wancan zamani, ni a wurina riba ce. Sai dai idan wani ya turo maka rana da watan fitowar sabon faifai a WhatsApp, kada ka yaɗa sai ka ga sanarwar a shafin ƙungiyar kanta.

TAMBAYA: Kawu, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, ina koyon gita shekara uku ke nan. Ba raini ba, amma waƙoƙin Tinariwen duk kama ɗaya suke mini: tafiya a hankali, amo guda, tafi da amshi. Idan na saka Mdou Moctar sai in ji jinina na tafasa. Ba ka ganin ya kamata faifansu na gaba ya zo da zafi da sauri, idan ba so suke matasa su bar su a baya ba? Ɗalibi, Yamai.

AMSA: Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, don a kanta duk gardamar ta tsaya, kuma ba na tare da kai. Bari in fara da abin da ka yi daidai. Gaskiya ne yawancin waƙoƙinsu a kan amo guda suke zaune. Babban yatsa na dukan tsirkiyar ƙasa ba ya barinta, sauran yatsu na zagaya sauti biyar a sama, ƙwarya ko ganga na riƙe da taku, mai waƙa ya jefa baiti, ƴan amshi su karɓe. Tun da kana kaɗawa, gwada ka riƙe wannan takun minti shida ba ka yi gaba ba, ba ka ja baya ba, ba ka kuma cika wurin da adon yatsu don ɓoye gajiya ba. Za ka gane cewa wuyarsa ta fi ta gudu.

An gina shi haka ne don maganar ta samu wurin zama. Ƙungiyar nan a Tamanrasset ta Aljeriya ta fara haɗuwa wajen 1979, cikin samarin da fari da rikici suka raba da gida. Ibrahim yana ɗan yaro aka kashe mahaifinsa a boren Abzinawan Mali na 1963, ya tashi a gudun hijira, gitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Daga baya suka bi ta sansanonin horon soja na Libiya a zamanin Gaddafi. Mutanensu a warwatse, ba jarida da harshensu, ba gidan rediyon da zai faɗi halin da suke ciki. Kaset shi ne wasiƙa. Wanda ke aika wasiƙa kuwa so yake a ji kowace kalma, ba zai bari ganga ta danne ta ba. Wannan shi ne tushen salon, kuma har yau a kansa suke.

Ka tuna Mamman Shata. Tun daga ƙuruciyarsa har rasuwarsa a 1999, kalangu ne a bayansa da ƴan amshi, bai taɓa sauya su da wani abu ba. Wanda ba ya jin Hausa zai iya cewa duk waƙoƙinsa ɗaya ne. Mu da muke jin abin da yake faɗi mun san inda ya yi zambo, inda ya yi yabo, inda ya yi wa'azi, da inda ya saki magana ɗaya da ta fi ƙarfin shekara hamsin. Matsalar da kake da ita da Tinariwen ta harshe ce kafin ta zama ta kiɗa. A jami'arku ba za ka rasa ɗan Abalak ko ɗan Cintabaradan da zai zauna da kai ya warware maka waƙa biyu ko uku ba. Ka yi haka, sannan ka sake saurare.

Za ka kuma lura ba mutum ɗaya ke tsara musu waƙa ba, kuma hannayen sun bambanta. Na Ibrahim nauyi gare su: murya can ƙasa, kamar mai magana da kansa, baiti gajere, kewa da kaɗaici da tambayar ina abokai suka shiga. Abdallah Ag Alhousseyni ya fi sakin jiki, ya fi son gitar da ba ta lantarki ba, muryarsa a fili take, kuma waƙoƙinsa sun fi fuskantar jama'a kai tsaye da nasiha da tsawatarwa kan rarrabuwar kai. Alhassane Ag Touhami, wanda ake gani yana rawa a gaban dandali, shi ke kawo masu motsa ƙafa. Ga kuma Eyadou Ag Leche mai gitar bas, ɗan baya ne a shekaru, amma yawancin ƙarfin da kake ji a ƙarƙashin waƙoƙin daga hannunsa yake. Idan kana son ka hango inda faifai ya dosa, ka duba waƙa nawa kowannensu ya kawo. Faifan da Ibrahim ya rinjaya zai yi duhu da zurfi, wanda Abdallah ya rinjaya zai fi haske da faɗakarwa.

Shi kuwa Mdou Moctar, ɗan jiharmu ne, ina alfahari da shi. Amma ka san inda zafinsa ya samo asali: filin biki. A Agadas, ƙungiyar da ba ta tayar da ƙura ba, ba a sake gayyatarta. Gangunan Turawa, gitar lantarki da aka ƙure wa murya, gudu har sai masu rawa sun jiƙe, wannan makarantar su Bombino ce da Etran de L'Aïr da shi Mdou ɗin. Hanya ce mai kyau, tasu ce. Kuma ka duba tarihinsa: faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Bayan ya fitar da Funeral for Justice a 2024, wanda ya fi duk ayyukansa ƙara, sai ya dawo a 2025 da Tears of Injustice, waƙoƙin nan dai amma a zaune, da gitar da ba ta lantarki ba. Mai gudun ma ya ga akwai abin da ba ya fita sai an rage sauti.

Saboda haka ni ba sauri nake jira daga Tinariwen ba. Idan dattijo mai shekara sittin da wani abu ya tsaya yin tsere da ƴaƴan cikinsa, zai rasa nasa, ba zai kuma kamo nasu ba. Abin da nake jira shi ne in ji me za su ce game da yau. A shekarun 1980 sun yi maganar fari da gudun hijira da farkar da mutane. Bayan sulhu sun yi maganar ruwa, ilimi da haɗin kai. Yanzu ga wani sabon zamani a gabansu: mutanen da suka tsallako daga Mali suka zauna a arewacin jihar nan, a wurare irin su Intikan, wasu kuma a sansanin Mbera na Muritaniya, yara sun girma a can ba su san garin iyayensu ba. Ga samarin da tun 2014 suka bar kiwo suka nufi ramukan zinariya na Jado da Cibarakatan, wasu suka dawo da mota, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Ga makiyayin da aka kore wa garke a dare ɗaya. Waɗannan abubuwa suna buƙatar bakin da ya ga 1963, ya ga 1990, ya ga 2012. Yaro mai shekara ashirin da biyar zai iya yin fushi a kansu, kuma fushinsa na da amfani. Amma auna su da abin da ya gabata, a ce wannan mun taɓa ganinsa, wannan kuma sabo ne, sai wanda ya daɗe. Idan faifan ya zo da baiti goma masu irin wannan nauyi, ko da a kan amo gudan nan ne da ya gundure ka, ni ya biya ni.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin wani gidan rediyo ne mai zaman kansa. Abin da ke ba ni haushi shi ne kowane faifan Tinariwen sai an cusa Turawa a ciki. Su ba za su iya su kaɗai ba ne? Ina fatan na gaba ya zo ba baƙo ko ɗaya. Mai gabatar da shiri, Birnin Ƙonni.

AMSA: Abokin aiki, sun iya su kaɗai, Aman Iman ya isa shaida. Amma kada mu yi wa baƙin kuɗin goro. A Tassili, wanda ya ci kyautar Grammy a 2012, an ɗauki waƙoƙin ne a fili cikin duwatsun kudu maso gabashin Aljeriya, mawaƙa biyu na ƙungiyar TV on the Radio suka je har can suka zauna da su. Muryoyinsu a bayan na masu gida suka tsaya, shi ya sa abin ya zauna. A Elwan an ji Kurt Vile da Mark Lanegan. A Amadjar akwai Warren Ellis da gogensa na Turawa, sannan akwai Noura Mint Seymali ta Muritaniya, wadda ni a ganina ita ce baƙuwar da ta fi dacewa da su a duk tarihinsu, don maƙwabciya ce, ta san takun tun daga gida, ba sai an ƙirga mata ba.

Amatssou ne ya fi jawo irin ƙorafinka, saboda an sa banjo da wata gitar Amurkawa da ake kwantarwa ana jan ƙarfe a kanta, kuma Daniel Lanois ɗan Kanada, wanda ya yi aiki da U2 da Bob Dylan, shi ya sa hannu a haɗa sautin daga nesa. Sai dai ba wani ya ɗora musu wannan ba. Abdallah ya daɗe yana son kiɗan makiyayan Amurka, bai taɓa ɓoyewa ba. A wasu waƙoƙin haɗin ya yi kyau. A wasu kuma ina jin kayan baƙin suna cike gurbin da da an bar shi fayau ya fi daɗi, domin shirun da ke tsakanin bugu biyu na gitar Ibrahim yana cikin waƙar.

Akwai kuma maganar abinci, wadda ba a son faɗi. Kuɗin ƙungiyar nan daga dandalin Turai da Amurka yake fitowa, kuma kowane ɗayansu akwai gidaje da yawa da ke ci daga hannunsa. Sunan baƙon da aka sani a can yana sa jaridunsu su yi rubutu, ya sa a sayi tikiti. Ban ga laifin mutum ya nemi halalinsa ba. Abin da zan roƙa shi ne a rage yawansu, kuma a waiwayo kusa. Abdallah Oumbadougou, wanda ya buɗe wa gitar Abzinawa hanya a ƙasar nan, ya rasu a 2020 ba mu samu cikakken faifan haɗin gwiwa tsakaninsa da su ba, abin yana damuna har yau. Ga ƙungiyar Imarhan a Tamanrasset, sun gina ɗakin ɗaukar sauti nasu na kansu, kuma jagoransu Sadam ya taɓa riƙe wa Ibrahim wuri a yawon ƙasashe lokacin da ya zauna gida. Ga Tamikrest ƴan Kidal. Baƙon da nake so in gani a faifai na gaba irin waɗannan ne, yaran da suka koyi gita a kan kaset ɗin dattawan, a zaunar da su gefe guda a ga abin da zai fito.

TAMBAYA: Kawu, ina yini. Ni malamar makaranta ce. Mahaifiyata Ba'abziniya ce, na tashi ina jin tende a gidan kakata. Abin da na lura shi ne a faifan Tinariwen na farko-farko ana jin mata sosai a amshi da guɗa, amma daga baya sai suka yi ƙaranci. Ni wannan nake jira su gyara. Ko ni kaɗai ce ke jin haka? Malama, Abalak.

AMSA: Malama, ba ke kaɗai ba ce, kuma kin taɓo abin da ya fi maganar baƙi muhimmanci. Kiɗan gitar nan ɗan tende ne. Turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya a jiƙa ta, mata su zauna kewaye, ɗaya ta ja waƙa saura su amsa da tafi, maza kuma su zagaya a kan raƙuma. Takun da ɗalibin Yamai ya ce ya gundure shi daga nan aka ɗauko shi, haka ma tsarin jefa baiti da karɓa. Imzad kuma, gogen nan mai tsirkiya ɗaya, a al'ada mata ne ke kaɗa shi. Samarin 1979 abin da suka ji a bakin iyayensu mata shi suka ɗora a kan gita.

A Amassakoul da Aman Iman muryoyin mata irin su Mina Walet Oumar da Wonou Walet Sidati suna tsaye a tsakiyar sautin. Idan muryar Ibrahim ta yi ƙasa, tasu ce ke ɗaga waƙar sama, sai abin ya zama na gari guda maimakon na maza biyar da gita. Da yawon duniya ya yi yawa, aure da renon yara da wahalar biza suka sa tafiya da mata ta yi wuya, Wonou ma daga baya Tamikrest ta koma. An ɗan ji daɗin a wasan da suka yi a Faris a ƙarshen 2014, inda suka gayyato Lalla Badi, gwanar tende ta Tamanrasset, aka kuma fitar da shi a faifai. Wanda bai saurari wannan ba ya nema.

Ke kuma da kike Abalak, amsar tana bayan gidanku. Les Filles de Illighadad daga ƙauyen da ke yankinku suka fito, kuma Fatou Seidi Ghali da gitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa a ɓoye, har ta kai ga zagaya Turai da Amurka. Abin da suka yi shi ne mayar da gitar cikin da'irar tende, inda ta fito. Da za a tambaye ni baƙo ɗaya tak da zan zaɓa wa Tinariwen, ita zan ce. Ba kuma amshi kaɗai nake so a ba mata ba. A bar mace ta ja waƙa guda daga farko har ƙarshe, da baitinta, dattawan su yi mata amshi. Matan da suka yi gudun hijira da yara a baya suna da abin faɗi da namiji ba zai faɗa daidai ba, komai gwanintarsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ba ya rabuwa da waƙoƙin mutanen nan, yanzu ma sabon faifansu yake ta zance. Ni ba na jin yaren, kuma na ji an ce waƙoƙin tawaye ne. Ina tsoron kada su ɓata masa tunani. Ka ba ni shawara. Wani uba, unguwar Sabon Gari, Tahoua.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba zan rufe maka gaskiya ba: wasu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sun riƙe bindiga a tawayen 1990 a Mali, kuma waƙoƙinsu na wancan lokaci kira ne na tashi tsaye. A nan ƙasar ma akwai shekarun da riƙe irin wannan kaset kan jawo wa mutum tambayoyi a shingen bincike. Amma bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta 1991 sun ajiye makami suka riƙe gita, fiye da shekara talatin ke nan. Mu ma nan mun yi namu sulhun ranar 24 ga Afrilun 1995, wanda aka yi shekaru ana bikin tunawa da shi, kuma a bikin Cintabaradan irin wannan kiɗan aka saba kaɗawa.

Yawancin abin da ɗanka ke ji kewar gida ce, zumunci, darajar iyaye, ƙishirwa, da faɗa wa ƴan'uwa su daina cin amanar juna. Ba batsa a ciki, ba zagin iyayen wani. Akwai siyasa, kuma suna faɗin ra'ayinsu kan halin da mutanensu ke ciki ba tare da kwana-kwana ba. Shawarata, ka kira abokin cinikinka ko maƙwabcinka Ba'abzine, ku zauna kai da shi da yaron, a saka waƙa ya fassara muku. Inda ka ga abin gyara ka yi wa ɗanka bayani da kanka. Hakan ya fi hani amfani, don abin da ke cikin salula ba a iya kulle masa ƙofa.

TAMBAYA: Kawu, idan faifan ya fito, a kasuwa za mu je a tura mana a memori da dala ashirin kamar kullum. Wani abokina ya ce wannan cin haƙƙi ne. To mu da ba mu da katin banki, yaya za mu yi? Ɗan tireda, Madawa.

AMSA: Ɗana, abokinka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Su kansu Tinariwen a farkonsu duk wanda ya kawo kaset marar komai sai su cika masa kyauta, ta haka waƙoƙin suka ratsa sahara. Mdou Moctar ma ta salula zuwa salula sunansa ya yaɗu, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji waƙarsa, ya bi sawu ya nemo shi, ya biya shi. Ni da na ci abinci da kwafar kaset ba zan tsaya ina yi maka wa'azi ba. Sai dai yau akwai hanyar da ba mu da ita a da. Idan kana da ƴan mega, ka saurari waƙar a shafinsu na YouTube, na ƙungiyar kanta ba na masu kwafa ba, domin ko kaɗan ne wani abu na isa gare su. Masu gidajen rediyo da masu wuraren biki kuma su biya abin da hukumar kare haƙƙin mawaƙa ta ƙasa, BNDA, ta ɗora musu, nauyin ya fi hawa kansu fiye da kai.

Inda kuɗinka zai fi yin aiki shi ne kusa da kai. Yaran da ke kaɗa gita a bukukuwan Madawa da Tahoua da Abalak da injin wuta na haya da sifika mai tsatsa, su ne ba su da dandalin Turai. Idan sun yi wasa ka ji daɗi, ka yi musu liƙi da hannu sake. Idan kai ne mai bikin, ku yi ciniki tun farko, ka biya su cikakke a daren, kada ka ce su dawo gobe.